Mutanenmu na Gwanja

A gidanmu na cikin birnin Kano akwai wani reshe na dangi da ba a cika kiran sunayensu ba, sai dai a ce "mutanen Gwanja". Ƙanin kakana ne ya kafa reshen. Ya fita neman goro yana saurayi a shekarun 1920, bai ƙara dawowa zama ba, sai dai saƙo da huhun goro duk shekara, daga baya ma saƙon ya riƙa jinkiri. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Gwanja ba. Jirgin ƙasa ya hau daga Kano zuwa Ikko, ya shiga na ruwa zuwa Sekondi, ya sake hawa na ƙasa zuwa Kumasi, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Mahaifinsu ne ya san Gwanja da ƙafarsa, shi ne ya bi ayari da jakuna, sunan kuma ya bi 'ya'ya da jikoki har yau.

Bana na yi watannin bazara a Alƙahira wajen wani kwas. Da lokacin tasowa ya yi, babana ya kira ni ya ce kada in kuskura in wuce Kano kai tsaye, in biya ta Gana in gaida Gwaggo, 'yar autar wancan ƙanin kakan namu, tunda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, shi kuma gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Zumunci a ƙafa yake, in ji shi, ƙafar kuma yanzu tawa ce. Na sauka Akra, na shiga babbar mota, muka yi kimanin kilomita 250 zuwa arewa maso yamma, ta ƙarƙashin duwatsun Nkawkaw, cikin kurmi da gonakin koko. Wanda ya fito daga rairayin Masar ya shiga wannan kore, idonsa sai ya ɗauki lokaci kafin ya saba.

Kumasi gari ne na hawa da gangara, da rufin kwano ja iya ganinka. Taubashina, ɗan Gwaggo, ya tare ni a tashar Asafo, muka shiga ƙaramar motar haya da suke kira torotoro, muka nufi Aboabo. Tun kafin mu sauka na ji garin ya sauya harshe. Ga mai koko da ƙosai, ga mai tsire, ga yara da alluna, ga ladan yana kiran la'asar. Gwaggo tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki. "Ɗan nan, sai yau? Ubanka yana nan lafiya? Har yanzu yana da wannan taurin kai?" Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, ta sha ruwan harshen Tuwi da Turanci, amma ban rasa kalma ɗaya a faɗanta ba.

Tambayar da ta riƙa yi mini yawo a kai kwanakin da na yi can ita ce yadda aka yi unguwa sukutum mai magana da harshenmu ta tsiro a tsakiyar babban birnin Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Amsar da kowa zai ba ka ita ce goro. Gaskiya ne, amma rabin amsar ke nan, domin an shafe fiye da ƙarni ana cinikin goro tsakaninmu da Tonawa ba tare da an bar fatakenmu sun yi zango a Kumasi ba.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. Amma ba ta yi ƙiba sosai ba sai bayan jihadin 1804, lokacin da daular Sakkwato ta haɗe kasuwanni masu yawa a ƙarƙashin tuta guda, kuma goro ya zama abin da malami da sarki da talaka duk suke iya ci ba tare da wani ya ɗaga musu gira ba. Zuriya uku suka yi fice a harkar: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi bayan damina, madugu na gaba da shawara, jagaba na duba hanya da masauki, ubandawaki na lura da sahu. A ƙetare Kwara a biya kuɗin fito, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, a bi ta Jugu, wasu su zaga ta Sansanin Mango da Yandi, sannan a gangaro Salaga. Kowane sarki a hanya yana da rabonsa, inda kuma ba sarki akwai 'yan fashi. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda cur. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawan haka. Abin da suke kaiwa shi ne kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin rini, da kayan fata, da gabu, da dabbobi. Da bayi kuma. Ba na son a tsallake wannan, domin a Salaga an sayar da mutane kamar yadda aka sayar da goro, kuma hannun fatakenmu yana ciki.

Sai da taubashina ya kai ni wata rumfar goro a unguwarsu na gane wahalar da ke cikin wannan fatauci. Wani dattijo ya kwance huhu a gabana. Ya ɗaga ganyen da aka shimfiɗa, ya zube goron a kan buhu, ya fara tsinta da yatsu biyu, idonsa ma ba a kai yake ba. Wannan marsa ne, ya ajiye dama. Wannan minu, ya tura hagu. Can sai ya tsaya a kan wani jan goro mai kyan gani, ya juya shi, ya nuna mini wani ɗan baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɓare shi da farce: ciki duk ya ci. Ya ce guda ɗaya irin wannan in ya kwana a huhu zai lalata kwarya guda, kwarya kuma ta lalata sauran. Goro ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa, ba ya son ya bushe. Yanzu ka ɗora wannan kaya a bayan jaki, ka bi da shi daji wata uku cikin hunturu ko bazara, kana tsayawa bayan 'yan kwanaki kana kwancewa, kana tsincewa, kana sauya ganye, kana yayyafa ruwa, kana sake ɗaurewa. Ribar da ta gina manyan gidaje a Kano daga irin wannan tsinta da yatsu biyu ta fito.

Goron kuwa ba a Gwanja yake fitowa ba. A kurmin Tonawa yake, Salaga kasuwa ce kawai a bakin kurmin. Tun tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarki Opoku Ware, Gwanja ta shiga ƙarƙashin ikon Kumasi, kuma sarakunan Asante sun san darajar abin da Allah ya ba su. Dabararsu ita ce su kai goron arewa da kansu, fataken sarki su fara sayarwa kafin na talakawa, baƙo kuma ya tsaya a kasuwar iyaka, kada ya shiga kurmi ya ga gindin bishiya ya san farashin asali. Shi ya sa Bahaushe ya san goro da sunan Gwanja. Iyakar inda aka bar shi ya kai ke nan.

Ba wai babu Musulmi a Kumasi a lokacin ba. Turawan nan biyu, Bowdich, wanda ya zo a 1817, da Dupuis, wanda ya zo a 1820, duk sun tarar da jama'ar Musulmi a kusa da fadar Sarki Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙansa layun da ake ɗinkawa a rigunan yaƙi. Wasu daga cikin takardunsu suna ajiye har yau a ɗakin karatu na sarauta a Kopenhagen. Amma yawancinsu mutanen Gwanja ne da Dagwamba da Wangarawa, malaman fada ne, kuma zuriyarsu, da ake kira Asante Nkramo, ta narke cikin Asantawa. Su ba 'yan zango ba ne, kuma za su gaya maka haka da bakinsu.

Katangar ta fara tsagewa a 1874, lokacin da rundunar Ingila ƙarƙashin Wolseley ta shiga Kumasi ta cinna mata wuta. Gwanja ta ga dama ta samu, ta yi wa Tonawa tawaye. Tonawa suka rama ta hanyar da ta fi zafi: suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Salaga ta fara ramewa, sannan yaƙin basasar 1892 a kan sarautar Kpembe ya ƙarasa ta. Fatake da malamai suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete Karachi, wasu har bakin teku. Cikin waɗanda suka fita akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete Karachi ya rasu a can a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci, har da waɗanda suka yi magana a kan rushewar Salaga da zuwan Nasara. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Kano zai gama digiri a Hausa bai taɓa jin sunansa ba, alhali a zangunan Gana da wuya ka sami zuriyar malamai da silsilar karatunta ba ta ratsa ta wurinsa ko almajiransa ba.

Wata safiya na tafi Adum ni kaɗai, na shiga tsohuwar ganuwar Turawa, wadda yanzu gidan tarihin soja ce. Jan gini ne mai kauri, an sake gina shi a 1897, shekara guda bayan Turawa sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya sun fitar da shi daga ƙasarsa. A nan aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900, bayan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, abin da ko sarkin Asante ba ya yi. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ita ta jagoranci yaƙin. Mai yi mana bayani yana ta ambaton "sojojin Hausa", yana nuna hotunansu da jajayen huluna, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Tun daga rundunar da Baturen nan Glover ya tara a Ikko a 1863, Turawa sun riƙa ɗaukar 'yan arewa aikin soja, da yawansu bayi ne da suka gudo, da yawa ma ba Hausawa ba ne, Hausa ce dai harshen bariki. Su ne suka tsare wannan ganuwa, wasu irinsu kuma aka kawo daga Najeriya suka fasa ƙawanyar. Wannan shi ne rabin amsar da ba a cika faɗa ba. Ƙofar Kumasi ba ciniki ne ya buɗe mana ita ba, bindigar Nasara ce, kuma wasu daga cikin masu riƙe da bindigar da harshenmu suke magana. Mai masauki ba ya manta yadda baƙo ya shigo, ko da baƙon na yau bai san komai a kai ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Koko ya zama zinariyar ƙasar, gonaki suna neman hannu, sai ga Mosawa da Zabarmawa da Dagwambawa da Gurunsawa da Frafra da Yarabawa da Fulani suna kwararowa, wasu leburanci, wasu fataucin shanu, wasu fawa, wasu dako. Duk aka tara su a Zango, Hausa ta zama harshen da suke haɗuwa a kai. Tsarin maigida shi ya riƙe kasuwar: baƙo ya sauka a gidanka, ka ba shi ɗaki da tuwo, ka ajiye masa kuɗi, ka nemo masa dillali, ka tsaya masa in an ci bashi. Bayan annobar da ta auka wa garin a 1924 hukuma ta rushe wani ɓangare na tsohon zangon ta gina Sabon Zango. A shekarun nan ne Malam Sallau Bakatsine yake Sarkin Zango, har da kotunsa, sauran ƙabilu kuma ba duka suka ji daɗin a ce Bahaushe ne a kansu ba. Cikin wannan gari ƙanin kakana ya sauka, a gidan wani maigida Bakano, yana tsintar goro ana ba shi abinci.

Ayarin jakuna kuwa ya riga ya mutu. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma masu ido irin su Alhassan Ɗantata, Ba'agale daga Bebeji wanda ya yi zama a ƙasar Gana yana saurayi, sun gane cewa huhun da zai yi wata uku a bayan jaki zai iya bin teku zuwa Ikko ya hau jirgin ƙasa cikin 'yan makonni. Daga goro ya tsallaka gyaɗa, sauran labarin kowa ya san shi. Sai kuma manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron nan na Gwanja a wajen Agege da Shagamu, ya karɓe su, kasuwar Najeriya ta sami na kusa. Abin da ya kai mutanenmu Kumasi ya ja baya, su kuma suka zauna, domin a lokacin sun riga sun yi 'ya'ya da gidaje da makabarta.

Daren da Gwaggo ta sa aka ciro mata wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado shi ne ya fi tsaya mini. A ciki akwai rasiɗan harajin mahaifinta, da wata wasiƙar ajami daga kakana wadda tawadarta ta koma ruwan ƙasa, da wata takarda mai hatimi da aka naɗe cikin leda biyu. Ta ɗora yatsa a kanta ta ce, "Wannan ita ta hana a kore mu."

Tun 1957 aka fara nuna wa 'yan Zango matsayinsu. Shugabanninsu a Kumasi sun shiga jam'iyyar Musulmi da ta haɗa kai da 'yan adawar Asante, saboda haka watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu don a rufe shari'ar. Babbar guguwar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, Yarabawa suka fi yawa, amma har da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. Gwaggo tana da goyo a lokacin. Ta ce layinsu kaɗai gida biyar aka rufe, mutane suna sayar da keken ɗinki da gadon ƙarfe a kuɗin da bai kai na buhun masara ba, manyan motoci cike da mata da yara suna fita ta hanyar Akra. Wata ƙawarta da aka haifa a Kumasi, uwarta ma a Kumasi aka haife ta, aka ɗora ta a mota zuwa wani gari da ba ta taɓa gani ba wai shi ne garinsu. "Ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba, ɗan nan." Mahaifin Gwaggo ya sami takarda da taimakon wani maƙwabcinsa Batone da suka yi shekaru suna cinikin goro tare, wanda ya bi shi ofis-ofis har aka buga hatimin. Ta nanata mini wannan sau biyu, ta ce in faɗa a gida, kada a ce duk Tonawa ne suka juya musu baya.

Ban iya ɗaga kai sosai ba, domin na san abin da muka yi a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana kusan miliyan guda suka kwashe kayansu a jakar nan da har yau muke kira Gana-mas-go muna dariya. Ana cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. To wanda aka haifi kakarsa a Aboabo, shekara nawa zai yi kafin ya daina zama raɓa? Ni a ganina mutanen nan an cuce su ta fuska biyu. A can ana tambayarsu asalinsu, a nan gida kuma mun mayar da su labari, ba ma zuwa, ba ma kai musu aure, ba ma sanin sunayen 'ya'yansu.

Duk da haka ba mutanen tausayi ba ne, kuma ba za su gode maka ba in ka ɗauke su haka. Babban filin ƙwallon Kumasi sunan ɗan ƙwallon nan Baba Yara yake ɗauke da shi. Abdul Razak, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978, ɗan garin ne. Shinkafa da wake da tuwon zafi sun fita daga zango sun zama abincin ƙasa. A 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman don raya zanguna, ko da yake magudanun Aboabo da na gani da idona suna nan suna jiran rabonsu. Sarkin Zango yana zuwa fadar Manhyia gaisuwa ranar bikin Akwasidae, ana ba shi wurin zama. Taubashina ba ya harkar goro, kayan gyaran mota yake sayarwa a Suame, yana jin Tuwi kamar Batone, kuma in Asante Kotoko ta sha kashi ba ya cin abincin dare. Amma ya ce da ya je yin wata takarda, jami'in ya dubi sunansa ya tambaye shi garinsu. Ya ce Kumasi. Jami'in ya ce a'a, garinsu na asali. Ya ce to ya zo su je makabartar Tafo ya nuna masa kakansa.

Jikar Gwaggo za a aurar bayan babbar Sallah. Ta ce ba ta karɓar gudummawa ta waya, mutum take so, kuma ba ni ba, tunda ni ta riga ta gan ni. Tun da na dawo ake ta lissafi a zauren gidanmu: jirgi ya yi tsada, mota kuma sai an bi ta Ikko, a ƙetare Seme, a ratsa Kwatano da Lome, a shiga ta Aflao, kowace iyaka da nata tsaiko. Baffana ƙarami da ƙannena mata biyu sun riga sun ba da fasfo ɗinsu a sabunta, babana kuma ya ce in likita ya yarda da gwiwar, a sa sunansa.